Yadda Ake Haye Mashigar Tsaunin Alps da Keke

Wani ƙanena da ya sami gurbin karatu a arewacin Italiya ya same ni a rumfar mai gyaran keke ta bakin kasuwar ƙauyenmu, nan yankin Birnin Kudu, ana yi mini faci. Ya zauna a benci ya ce, "Yaya, wai da gaske ne a can mutum zai yi awa uku yana taka keke hanya ba ta daina hawa ba?" Na ce masa da gaske ne, don na taka da ƙafata lokacin da nake karatu a ƙasar. Baba mai gyara ya ɗago kai daga kwanon ruwan da yake neman hujin tubu a ciki, ya ce, "Allah ya ba ku sa'a, amma ka gaya masa gaskiya dai, kada ya je ya illata kansa." Na yi alkawarin zan rubuta komai daki-daki, domin shi da duk wani ɗanmu da karatu ko aiki ya kai can, ransa kuma yake son keke.

Mashiga ita ce inda hanya take ratsawa ta tsakanin ƙololuwa biyu, ta haye daga wannan kwari zuwa wancan. A tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Austiriya, akwai irinsu da yawa. Akwai Galibier a Faransa mai tsayin mita 2,642, wadda gasar tseren keke ta Tour de France ta fara bi a 1911. Ni wadda na sani da ƙafata ita ce Stelvio ta Italiya, mai mita 2,757, kuma da ita zan yi misali. Daular Austiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825. Don ka kwatanta: Kano tana kan mita kusan 480 daga matakin teku, Jos kusan 1,200, Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya mita 2,419. Ke nan kwaltar da za ka taka ta ɗara ƙololuwar ƙasarmu da fiye da mita 300.

Idan ka taso daga garin Prato (Prato allo Stelvio) da yake gindin tsaunin, tafiyar kilomita 24 ce da 'yan kai, hawan kuma kusan mita 1,800. A kowace mita 100 da ka yi gaba, hanya ta ɗaga ka mita 7 da wani abu. A takarda kamar ba komai. A ƙafa, ka tuna hawan gadar da take sa ka miƙe tsaye a kan feda, sannan ka ɗauka cewa gadar ba ta ƙarewa sai bayan awa uku.

Fara da likita, kafin ka fara da keke

Wannan na sa shi a gaba saboda mu ya fi shafa. Iskar sama ba ta da nauyin ta ƙasa. A tsayin Stelvio, kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi uku cikin huɗu ne kacal na iskar da za ka samu a bakin teku. Mai cutar sikila kada ma ya sa wannan tafiya a ransa. Wanda rukunin jininsa AS ne, kuma muna da su da yawa a gidajenmu, lallai ya zauna da likita tukuna, domin wahala mai tsanani a wuri mai tsayi, ga ƙishirwa, tana iya taɓa saifarsa ko da bai taɓa jin ciwo a gida ba. Haka mai hawan jini, mai asma, da mai ciwon zuciya. Idan ba ka san rukunin jininka ba, je asibiti a gwada, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Shirin jiki a ƙasar da ba ta da hawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka wata uku aƙalla. Matsalarmu a nan ita ce ƙasarmu shimfiɗe take, kuma ta koya mana wata ɗabi'a: mu taka da ƙarfi sau goma, mu saki feda keke ya yi ta gudu da kansa, mu huta, mu sake takawa. A kan tsauni babu wannan hutun. Ka daina takawa, keke ya tsaya nan take. Don haka abin da za ka koya wa jikinka shi ne juya feda ba yankewa.

Ka fita sau uku ko huɗu a mako. Biyu gajeru ne, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ɗaya doguwa, ka fara da awa biyu, kana ƙara minti 20 zuwa 30 duk mako har ka kai awa huɗu zuwa biyar a kan sirdi. A cikin gajerun, ka ware minti 20 ka taka da giya mai ɗan nauyi ba tare da ka saki feda ko sau ɗaya ba, ka huta minti 5, ka maimaita. Duk mako na huɗu ka rage, jiki ya warware.

Iskar hunturu babbar malama ce. Daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wanda ya tashi daga wajen Kano ya nufi Ringim ko Gumel da safe, fuska da fuska zai yi da ita, kuma turjiyarta ta fi komai kama da hawa. Rufe hanci saboda ƙura. Yashin hanyar gona ma yana aiki. Idan kana kusa da Dutse, Kazaure, Rano ko nan wajenmu, nemi tudu ɗaya mai hanya, ko da na minti uku ne, ka hau ka sauko sau takwas, sau goma. Za ka ga mutane suna kallonka, wani ma ya tsaya ya tambaye ka ko ka yar da wani abu ne. Gaishe shi ka ci gaba. Wanda ya sami hali ya je Jos ya yi kwana biyu yana hawa, ya ƙaru ƙwarai. Sai dai kada ka bi hanyar daji kai kaɗai, kuma ka kauce wa manyan tituna lokacin da tireloli suke gudu.

Keken da giyarsa

A nan zan daɗe, domin yawancin waɗanda tsauni yake kayarwa giya ce ta kayar da su. Keken da muke kai buhu kasuwa da shi, haƙoran farantin gaba sukan kai wajen 44, na baya wajen 18. Juyin feda ɗaya yana juya taya kusan sau biyu da rabi. A fili daɗi ne. A kan hawa, inda gudunka ba zai wuce kilomita 8 a awa ba, za ka riƙa juya feda wajen sau 25 kacal a minti, kowane taku kamar kana ɗaga turmi da ƙafa ɗaya. Gwiwa ba za ta jure awa uku a haka ba.

Abin da kake nema shi ne keken tsere mai ƙaramin faranti na haƙora 34 a gaba, babban na baya kuma 32 ko 34. Da 34 gaba 34 baya, feda ta juya sau ɗaya taya ta juya sau ɗaya, wato mita biyu da 'yan kai. Ka juya sau 70 a minti, kana yin kusan kilomita 9 a awa, ƙafa tana yawo ba tare da azaba ba. Kada kunya ta hana ka neman giya mafi sauƙi. Ban taɓa ganin wanda ya kai sama ya ce da ma giyarsa ta fi haka nauyi ba.

Ba sai ka ɗauki keke daga gida ba. A Prato da Bormio, garuruwan da suke gindin tsaunin ta ɓangarori biyu, akwai shagunan haya. Ka gaya musu tsawonka su ba ka daidai kai. A daidaita sirdi yadda idan feda tana ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Duba taya, duba takalman birki, duba kaca tana shiga kowace giya ba ta tsalle. Sannan ga abu ɗaya da ba kowa zai gaya maka ba: matsa kowane hannun birki ka ga wace taya yake kamawa. A kekunan Italiya yawanci hagu ne yake riƙe gaba, alhali da yawa daga cikin namu dama ce. Ka gano wannan a ƙofar shago, kada ka bari sai a gangara.

Kayan da za su shiga aljihu da ƙaramar jaka: tubu biyu, famfo, ƙarfen cire taya, ɗan makulli mai baki da yawa, fitilar gaba da ta baya, waya cike da caji, kuɗi kaɗan a hannu, da takardar shaidarka. Hular kwano dole ce. Lambar agajin gaggawa a can 112 ce.

Zaɓen rana

Dusar ƙanƙara tana rufe hanyar tun daga wajen Nuwamba, ba a buɗewa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Yuli zuwa farkon Satumba shi ne lokaci. Akwai rana guda a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba da ake hana motoci hawa a bar wa masu keke hanya. Idan ka dace da ita ka more. Idan ba haka ba, zaɓi tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi babura suna cika hanyar maƙil. Ka kwana biyu a gindin tsaunin kafin ranar. Duba hasashen yanayi na ƙololuwa, kada ka tsaya kan na gari. Hadari a can da rana tsaka zuwa yamma yake haɗuwa, da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara ko a tsakiyar Agusta. Idan an ce rana ba ta da kyau, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Safiyar hawa

Alfijir yana fitowa da wuri sosai a bazararsu. Yi asuba, ka ɗan koma ka kwanta, ka karya awa biyu kafin tashi da abu mai riƙe ciki marar maiƙo: burodi, zuma, ayaba, shayi. Ka bar gari wajen ƙarfe 7.

Kilomitocin farko daga Prato suna da sauƙi, hanya tana bin gefen rafi cikin inuwar bishiyoyi. Nan tarkon yake. Jiki sabo, iska mai sanyi, wasu suna wuce ka, zuciya tana cewa bi su. Ni na bi su. Na kama bayan wasu mutum uku na yi wajen minti 40 ina haki ina jin daɗin ban bari sun tsere mini ba, kuma na biya bashin a sama, inda cinyoyina suka riƙa ɗaurewa har sai da na sauka na zauna a bakin hanya sau biyu. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne magana. Idan za ka iya karanta Fatiha a fili kana takawa ba tare da numfashi ya yanke maka a tsakiyar aya ba, gudunka daidai ne. Idan ba za ka iya ba, sauke giya. Sannu ba ta hana zuwa.

Zauna a kan sirdi mafi yawan lokaci, hannu a saman sitiyari, kafaɗa a sake, ƙirji a buɗe. Duk bayan minti 10 ko 15 ka ƙara giya ɗaya, ka miƙe tsaye ka yi taku goma sha, jini ya zagaya, ka koma ka zauna ka mayar da giyar. Sauya giya tun kafin hawan ya tsananta, kuma ka sassauta ƙafa a daidai lokacin, don kada kaca ta tsinke.

Ci da sha kuwa da agogo ake yinsu. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara. Jiki mai irin wannan aiki yana bukatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai ba da kuzari a kowace awa, kuma Allah ya hore mana abin da ya fi duk wani ƙunshin kanti: dabino. Uku ko huɗu duk bayan minti 25, ka fara tun a awar farko. Cire ƙwallayen tun a masauki. Ruwa kuma gora ɗaya ta rabin lita zuwa sama a awa, da ɗan gishiri a ciki, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, mu kuwa mun saba zafi ne yake tuna mana da ruwa. Cika gorunanka a ƙauyen Trafoi, wanda yake wajen mita 1,500. Idan ka ga an rubuta "non potabile" a jikin famfo, ba na sha ba ne. Alamomin hanya a wannan ɓangare da Italiyanci da Jamusanci suke, saboda haka idan ka ga Stilfserjoch, Stelvio ɗin ce dai.

Kwanoni 48

Abin da ya sa sunan Stelvio ya zagaya duniya shi ne kwanoninta, masu naɗewa kamar igiyar guga da aka tara a bakin rijiya. Guda 48 ne ta ɓangaren Prato, kowace da lambarta a allo, ana ƙirgawa daga 48 a ƙasa zuwa 1 a sama. Cikin kwana ya fi tsayuwa, bayanta ya fi kwanciya. Can ma dama ake bi kamar nan. Idan kwanar ta dama ce kai ne a ciki, sai ka ɗan buɗe zuwa tsakiyar hannunka idan babu mota a baya. Idan ta hagu ce kana waje, nan ne za ka sami taku biyar na sauƙi ka kurɓi ruwa. Kada ka tsallaka hannun masu saukowa ko da hanya ta yi tsit. Idan ka ji ƙahon babbar mota, tsaya nesa da kwanar ka bar ta ta gama juyawa, don takan cinye hanyar duka.

Wajen mita 2,200, kusa da kwana ta 22, bishiyoyi suna ƙarewa. Sai ka ɗaga kai ka ga sauran hanyar gaba ɗaya an jera ta a jikin bangon dutse, da gine-ginen ƙololuwa can sama kamar za ka miƙa hannu ka taɓa. A hagunka ƙanƙarar dutsen Ortler tana ƙyalli. Na tsaya a nan na yi tasbihi, don ban taɓa ganin irinsa ba. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Sauran wajen kilomita 6 zuwa 7, su ne mafi wuya, domin a nan iska take yin ƙaranci. Giyar da ta yi maka sauƙi a ƙasa za ta yi nauyi. Daina kallon sama. Kwana ɗaya kawai za ka sa a gaba, idan ka cinye ta ka nemi ta gaba. Fitar da numfashi sosai, shigarsa zai zo da kansa. Tsayawa ba laifi ba ne, minti biyu a wurin da masu mota za su hango ka.

Haki da nauyin ƙafa ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon kai mai sara, jiri, tashin zuciya, ciwon ƙirji ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, waɗannan umarnin juyawa ne. Sauka ƙasa shi ne maganin farko, sannan likita.

A sama

Ka isa, alhamdu lillahi. Kafin hoto, kafin komai, sa riga. Zafi yana raguwa da digiri 6 da rabi a duk mita 1,000, saboda haka saman ya fi Prato sanyi da wajen digiri 12, ga iska, ga gumi a jikinka. Rigar tare iska, dogayen safar hannu, mayafin wuya, da busasshiyar 'yar ciki idan ka ɗauko. Tsofaffin 'yan tsere jarida suke cusawa a ƙirji, kuma tana aiki. Za ka ga alamar tunawa da Fausto Coppi, ɗan tseren keken Italiya, wanda ya yi suna a nan a 1953, shekarar da gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta fara bi ta wurin. Ƙamshin nama zai ja ka wajen masu gasa shi, amma yawancinsa alade ne. Nemi shayi mai zafi da burodi, ka ƙara da dabinonka. Minti 20 zuwa 30 sun isa.

Gangara

Hawa gajiya yake kawowa, gangara kuwa ita take kai mutum asibiti, kuma ita ce abin da ƙasarmu ba ta koya mana ba ko kaɗan. Ranar da na sauko, safar hannuna ta rabin yatsa ce. Kafin kwana ta goma yatsuna sun ƙandare, ina ganin hannuna a kan birki amma ba na jin ko ina matsawa. Sai da na tsaya na cusa su a hammata na tsawon lokaci. Tun daga ranar, dogayen safa su ne abin da nake fara ambata wa duk mai tambaya.

Riƙe sitiyari ta ƙasa inda yatsu suka fi kama birki, ka ɗan ja jiki baya. Kada ka riƙe birki ka ƙi saki, domin rim ko faifan birki zai ɗau zafi, kamunsa ya ragu, tubu ma yana iya fashewa. Matsa da ƙarfi ka rage gudu, saki ya sha iska, sake matsawa. Yi amfani da duka biyun. Na gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, amma a hankali ake matsa shi, ba a fizga.

Kowace kwana ga tsarinta. Gama rage gudu tun keke yana miƙe, kafin ka shiga. Fedar da take ɓangaren waje ta koma ƙasa ka danna ta da nauyinka, ta ciki tana sama don kada ta daki kwalta. Idonka ya tafi inda kake son fita, domin keke inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya zuba wa bakin rami ido, can zai nufa. Kula da tsakuwa da ruwan ƙanƙara da yake tsallaka hanya. Idan ta Bormio za ka sauka, akwai ramukan da aka huda cikin dutse, matsattsu masu duhu. Kunna fitilu biyun, cire tabarau, rage gudu tun daga bakinsu. Mota ta matso bayanka, nemi fili ka ba ta hanya. Duk bayan kwanoni goma ka tsaya ka girgiza hannuwa, ka bar birki ya huce, kuma kada ka taɓa faifan da yatsa.

Da ka iso gari, cire jiƙaƙƙun kaya, ka ci abinci mai nauyi cikin awa guda, taliya ko shinkafa, ka sha ruwa har fitsari ya washe. Idan ka tashi ƙarfe 7, za ka iso da sauran lokacin azahar. Mayar da keken haya, ka gaya musu duk wani ƙara ko gardamar giya da ka ji a hanya. Washegari kada ka sake wani hawa, tattaki kaɗan ya isa. Ka kuma kira gida tun kafin ka kwanta, domin tun safe Inna take jiran wayar.